Kore Ta Ce, Ba Tsanwa Ba

Shagona yana nan a Talata Mafara, ɗan ƙarami, tsakanin mai gyaran waya da wani tela da ba ya kashe rediyonsa. Hoton fasfo nake ɗauka, ina buga katin biki da kalandar amare, wani lokaci kuma a kawo mini tsohon hoton da ya koɗe in gyara shi a kwamfuta. Na iya aikina, ba fahariya ba. To, har da fahariyar, don duk wanda ya san ni ya san ba na son a ce mini ban iya ba, kuma fushina a kusa yake. Mutum ɗaya ce a duniya take gaya mini magana son ranta in yi dariya, ita ce kakata ta wajen uwa, wadda ke zaune a Maradun.

Tun ina rarrafe take ce mini mai gida, ni kuma da na yi baki na sa mata amarya. In na je gaishe ta hannu rabbana, sai ta tara matan gidan ta ce su zo su ga mijin da Allah ya haɗa ta da shi, ko gishiri bai iya kawowa. Ni kuma in ce ai na gaji da auren, amaryar da haƙori huɗu suka rage mata.

Wata Talata kawuna ya kawo ta Mafara ganin likitan ido, da suka gama ta ce sai an biya da ita shagona. Ta zauna a kan bencin masu jiran fasfo, ta ƙare wa wurin kallo, ta ce ashe a cikin wannan akurkin nake yini. Sannan ta ba ni labarin likita tana dariya, kamar labarin wani take bayarwa. Hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi na gani ya tafi ke nan, sauran ma yana bin bayansa, magani sai dai ya rage masa sauri. Kawuna ya sunkuyar da kai, ita ko a jikinta.

Daga nan ta kwance bakin zanenta ta ciro wani abu a naɗe cikin leda, ledar kuma a cikin tsumma. Hoto ne fari da baƙi, bai fi tafin hannu ba, gefe ɗaya ya ciye, tsakiyarsa da layin ninki. Kakana ne, wanda ya rasu tun kafin a yi wa mahaifiyata aure. Yana tsaye cikin babbar riga, hannu ɗaya a ƙirji.

"Ga mijin ƙwarai," in ji ta. "Kai na wasa na. An ce mani kana sa ma tsohhin hotuna launi. Ina so ka maida mishi launinai, in gan shi yadda na san shi, tun idon ga na gani."

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na ɗauko biro na tambaye ta hular wace iri ce, ta ce fara. Rigar fa?

"Kore ta."

A nan ya kamata in tsaya, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in ja kunnena da kaina. Mu a nan, launin ɗanyen ganye tsanwa muke ce masa. Kore a littafin makaranta na san shi, da bakin masu karanta labarai. Tsohuwar da ba ta taɓa kwana a gabas da Gusau ba, ina ta samo kore? Amma maimakon in tambaya, sai na tsokane ta, na ce lalle amarya ta waye, rediyo ta koya mata Hausar Kano. Ba ta gane abin da nake nufi ba, ta ɗauka shirmen da na saba ne, ta ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda. Na rubuta "riga kore" a bayan wani katin biki da ya lalace, na ce ta ba ni mako guda.

Aikin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na sa hoton a sikana, na cike inda ya ciye, na goge layin ninkin, na sa wa fuska launin fatarmu, hula ta yi fari tas. Rigar kuwa na zauna mata yini guda. Na zaɓo wani launi kamar ganyen dawa bayan an yi ruwa, na bi kowane ninki da inuwarsa. A kan allon kwamfutar nan, wallahi, sai ka ce kakana zai taka ya fito. Na kira tela ya zo ya gani, ya riƙe baki. Na sa takardar hoto mai ƙyalli a firinta, na danna, na harɗe hannuwa ina jira.

Abin da ya fito ba shi na aika ba. Riga ta fito da duhu, shuɗi kamar zai koma baƙi, har da wani ja-ja yana leƙowa a inda haske ya faɗa. Na sake bugawa, haka. Na wanke kan firinta, na ƙara tawada ruwan ɗorawa ko ita ce ta ƙare, na sake bugawa, haka dai. Raina ya soma tafasa. Tela ya ɗauki ɗaya ya kai bakin ƙofa yana juya shi, ya ce, "Ai kuwa wannan ma ya yi kyau, sai ka ce irin rigunan mutanen da." Na fizge na ce ya je ya ji da allurarsa, ni ban taɓa zuwa na koya masa yanka wuyan riga ba. Na kekketa su duka na watsa a kwandon shara.

Gaskiyar magana, ba ranar na fara ganin firintar nan tana saɓa wa allo ba. Amare da yawa sun fito mini kamar an ɗan gasa su, ni kuma in ce laifin man da suke shafawa ne. Na saba in ƙara haske da ka kafin in buga, a wuce wurin. Mai fasfo ba ruwansa, in dai kunnuwansa biyu sun fito. Amma wannan karon riga ce guda a tsakiyar hoto, babu inda zan ɓoye ta.

Mako ya wuce, na biyu ya bi shi. Kawuna ya kira ya miƙa mata waya.

"Ina mijina?"

"Ga ni, amarya."

"Ba kai ba. Na ƙwarai."

Na ce inji ne yake mini gardama, amma na kusa kayar da shi. Ta ce ita dai ta san ragon miji, ko da inji faɗa sai an raba su.

Akwai wanda na san zai iya gane matsalar. Abokina ne, tare muka yi kwas na kwamfuta, yanzu yana koyarwa a wata sakandare a Bakura. Mutum ne mai sanyin magana, kafin ya gama jimla ɗaya ka sha ruwa ka dawo. Matsalar ita ce a aji kullum ina gabansa, kuma ban taɓa barin ya manta ba. In ɗauki ƙafa in je in ce masa na kasa? Wata guda cur na yi ina wannan girman kan, ina ɓata takarda, ina zagin masu sayar da tawada. Ranar da na ƙirga kwanaki na ga abin ya zama abin kunya, na ɗaure kwamfuta da allo da firinta a bayan babur da igiyar roba, na kama hanyar Bakura. Masu aikin shinkafa a bakin kanal ɗin ban ruwa suna ɗagowa suna kallona kamar wanda aka kora daga gidan haya.

Na same shi a zaure. Ina wuta ina ruwa, shi kuwa sai da ya gaishe ni tun daga gajiya har iyali, har kasuwa, har ruwan bana, ya koma ya tambayi jikin tsohuwa, ya sa aka kawo fura. Sai da na shanye sannan ya yarda muka haɗa kayan.

Ya dubi allo, ya dubi abin da na buga, ya ce, "Ka taɓa shiga wurin da ake sarrafa launi?"

Na ce wane wuri kuma, ai launi a cikin manhajar gyaran hoto yake.

Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya shiga saitin kwamfutar kanta, ya buɗe wani shafi da ban taɓa sanin da shi ba, shekara da shekaru ina zaune a gabansa. Ga jerin na'urori, allo daban, firinta daban, sikana daban, kowace da wani ɗan fayil a ƙarƙashinta. Ya ce sunansa furofayil ɗin launi. Aikinsa ya gaya wa kwamfuta yadda wannan na'urar take fitar da launi, don ba su zama ɗaya ba.

"Ka san tiyar Mafara da ta Bakura," in ji shi. "Duka tiya ake ce musu, amma in ka auna gero a can ka juye a nan sai ka ga saura. To ja a allo da ja a takarda haka suke. Wannan fayil shi ke faɗin girman tiyar kowa."

Ya danna kan allona. Furofayil ɗin da ke kai ba nasa ba ne sam, na wani allo ne daban, wanda mai kwamfutar na farko ya bari a ciki, don ta hannu na saya. Shi ke jan komai zuwa ruwan ɗorawa. Ga shi kuma na ƙure hasken allon har ƙarshe saboda ƙofar shagona tana kallon rana. Ya koma kan firinta, ya tarar an ce mata takardar rubutu ce a ciki alhali mai ƙyalli nake sa mata. Ya cire baƙon furofayil ɗin, ya sauko da na ainihi daga wurin masu ƙera allon, ya sa alama a ɗan akwatin da ke cewa a yi amfani da zaɓina, ya mai da shi shi ne na kullum. Ya yi wa firinta haka, ya ce kuma in zaɓi ɗaya, ko manhaja ta riƙe launi ko firinta, kada in bar su su biyu suna gyara abu guda. Ya rage haske. Sannan ya ce in buɗe hoton kakana.

Na buɗe. Rigar da na yini ina yi wa ganyen dawa ta koma shuɗi mai duhu a kan allon, kusan daidai da wadda na yi ta kekketawa.

"Ka gani," ya ce a hankali. "Abin da ka zaɓa ke nan tun farko. Allonka ne yake maka ƙarya. Firintar, baiwar Allah, ba ta yi nisa da gaskiya ba."

Na yi wata guda ina zagin marar laifi. Na ji kunya, amma murna ta danne kunyar. A nan zauren na sake rina rigar, wannan karon tsanwa ta gaske, muka buga, abin da ke allo shi ya sauko a takarda, ba ragi ba ƙari. Na rungume shi har hularsa ta faɗi. Na ce ashe dai akwai abin da ya tsinta a ajin nan, ya ce ai duk albarkacin zama bayana ne.

Na dawo Mafara na zama malamin furofayil. Kowace irin takarda na nemo mata nata, na jera su da sunayen da zan gane. Wanda ya zo fasfo sai ya sha bayanin tiya kafin ya karɓi hotonsa. Amare suka daina gasuwa. Na sa hoton kakana a firam mai ruwan zinare, sai kuma aka shiga kwanakin da ba a kama hanyar Maradun sai an tambaya saboda rashin tsaro, aka ce a dakata. Da hanya ta yi daɗi aikin biki ya taso mini. Kafin in je, mako gudan da na yi alkawari ya kusa cika wata uku.

Na shiga gidan da sallama ina taƙama, firam a hammata, ƙullin goro a hannu. Na lura tana dafa bango kafin ta fito daga ɗaki, abin da ban san ta da shi ba, amma bakin yana nan yadda yake. Muka gaisa, ta ce yau kuma wace rana, miji ya tuna yana da mata. Na kwance takardar da na naɗe firam ɗin na miƙa mata da hannu biyu. Ta kai shi bakin ƙofa wurin haske. Matan gida suka taru a bayanta. Ta ƙura masa ido, sannan ta juyo gare ni.

"Wa yas sa mishi tsanwa?"

Na ce, "Kore kika ce, amarya. Ga kore nan, ko a Kano ba za a fi haka ba."

"Na ce maka kore, ka kawo mani tsanwa! Malam da tsanwa? Mutum da girmanai ka maishe shi awa ganyen alayyahu?"

Matan nan suka fashe, har da mai zama a ƙasa. Ni kuwa na fara hawa, ina cewa kore da tsanwa ai abu guda ne, a tambayi duk wanda ya shiga aji. Ba ta kula ni ba. Ta ce a jawo mata adakarta daga ƙarƙashin gado. Ta buɗe da ɗan makullin da ke rataye a wuyanta, ta ɗaga zannuwa, ta ɗaga wasu, can ƙasa ta ciro wani abu mai nauyi a naɗe cikin farin ƙyalle. Tana warwarewa wani ƙamshi ya tashi, na daɗewa da na rini.

Riga ce. Shuɗi ne da ya yi duhu har ya kusa zama baƙi, tana ƙyalli kamar an shafa mata mai, inda rana ta taɓa sai wani ja-ja ya taso. Ta ce a marina aka rina ta da baba, aka sake rinawa, aka sake, sannan aka kai mabuga aka buge ta da shuni har ta yi wannan walƙiyar. Na taɓa da yatsa, yatsan ya fito shuɗi.

"Wagga ita aka ce ma kore," in ji ta. "Sunan riga na, ba launi ba. Ku 'yan boko mi kunka sani?"

Na sake duban rigar. Launin nan na san shi, na gan shi ya fi sau ashirin yana fitowa daga firintata, ina yayyaga shi da hannuna. Har tela ya gaya mini, na ce ya ji da allurarsa. Da na yi shiru da babu mai sani, amma bakina bai iya riƙe abu ba. Na ba su labarin tun daga farko, har da hawan babur zuwa Bakura don a gyara mini abin da yake daidai. Kakata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, aka kawo mata ruwa. Da ta samu numfashi ta ce, "Ashe injin ya hi ka jin Hausa."

Aka sake kwashewa. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Sai da matan suka watse ta jawo hannuna ta rage murya.

"Sai dai ka yi hamzari, mai gida. Idon hagun ya ruhe tun watan jiya. Da guda nika dubi."

Ban taɓa jin tsoro a kan aiki ba sai ranar. Duk wannan lokacin ni da inji nake faɗa, na manta da idon da ake tsere da shi. Na roƙe ta aron rigar, wadda ba ta taɓa kwana a wajen adakar nan ba tun rasuwarsa. Ta naɗe ta da kanta, ta ce in ta yi ko ɗigon mai, aurenmu ya mutu. A ƙirjina na ɗaura ta a cikin jaka har Mafara.

Abu na farko da ya zo mini shi ne in mai da komai yadda yake a lalace, in buga tsohon fayil. To na riga na rina tsanwa a kansa, baƙon furofayil ɗin kuma an share shi ina tsaye ina tafi. Dole in yi aikin ta hanyarsa. Na rataye rigar a bakin shago inda inuwa take, na zauna ina kallonta ina kallon allo. Yanzu dai allon ba ya mini ƙarya, wannan kaɗai ya rage mini rabin wahala. Amma da na ce wa manhajar ta nuna mini yadda abin zai fito a takarda, sai ta shafa toka-toka a wuraren da rigar ta fi duhu da ƙyalli. Na kira Bakura a firgice. Ya gaishe ni tsaf, sannan ya ce wannan alama ce ta cewa tawadata ba ta kai can, akwai launin da ido ke gani amma firinta ba ta iya shi, sai dai in nemi mafi kusa.

Na cika takarda guda da 'yan murabba'ai, kowane da ɗan bambanci da maƙwabcinsa, wani ya fi ja, wani ya fi duhu. Na buga, na bari ta bushe, na kai jikin rigar da safe. Idona ya rikice, duk suka zama ɗaya. Na tsaya na yi ta zagaye, daga ƙarshe na haɗiye abin da zan haɗiye na leƙa shagon tela. Na ce masa maganar rannan, a bar ta kawai. Ya ce wace magana, shi allurarsa yake ji da ita. Sai da na ce ya yi haƙuri da baki cikakke sannan ya tashi. Mutumin da ya shekara talatin yana haɗa zare da yadi, kallo ɗaya ya yi ya ɗora yatsa a kan na uku a layi na biyu. Ya ce wannan, amma a ƙara masa ja kaɗan a kafaɗa. Kwana huɗu muka yi, ranar na biyar na kama hanya, ban ma tsaya neman firam ba.

Ta karɓa ta kai bakin ƙofa. Wannan karon ban yi taƙama ba, tsayawa na yi kamar mai jiran hukunci.

"Rigar ita ta," ta ce. "Ita ta, wallahi."

Na sauke numfashi. Amma ba ta sauke hoton ba. Ta kawo shi dab da hancinta, ta nisanta shi, ta karkata kai ta bar wa idon dama. Ta goge idon da bakin mayafi ta sake dubawa.

"Huskar ce ban gani. Hayaƙi dai."

Wata uku da suka wuce da ta gani, wannan na sani, ita ma ta sani, kuma ba ta faɗa ba. Na ji haushin kaina irin wanda ban taɓa ji a kan wani ba. Na rasa inda zan sa idona. Ita ce ma ta shiga lallashina, ta ce in bar ɓata rai, ta ga riga ai ta ga rabi.

"Yanzu huskar da nika gani," ta ce, "sai ta masu neman ƙuri'a da aka liƙa ma hanya. Su kam kawunansu sun kai faifai."

Ban bari ta rufe baki ba na miƙe. Ta ce ina za ni ban ci tuwo ba, na ce ta ajiye mini.

Akwai mai babban inji a Mafara, wanda ke buga irin waɗannan manyan hotunan a kan leda mai kauri. Na sake sa ɗan hoton a sikana a kan mafi ƙarfin da take iyawa, na mai da duk gyaran a kai, na liƙa furofayil ɗin a jikin fayil ɗin don injinsa ya san da wace tiya na auna. Rigar tana hannuna tukuna, na je masa da ita a jaka. Na ce kafin ya buga sai ya fitar mini da ɗan yanki na gwaji. Ya ce shi tun da ya fara sana'ar nan ba wanda ya taɓa sa shi gwaji, manyan mutane ma yadda ya fito haka suke karɓa. Na ce manyan mutanen ba su da kaka a Maradun. Muka ɗaga murya har mutane suka leƙo, sannan ya buga yankin don ya rabu da ni. Ya fito da shunayya da yawa. Na zaro rigar na ɗora a gefe, ya duba, ya koma ya canza saitin ledar da kansa. Na uku ya zauna daidai. Yana shirin buga babban ya ce, wai shi wannan bawan Allah wace kujera yake nema, bai ga alamar jam'iyya ba. Na ce ya buga dai, ƙuri'a ɗaya muke nema.

Tsawon hoton ya kai ƙofar ɗaki. Da hantsi muka rataye shi ni da kawuna a bangon tsakar gida, gefen da rana ba ta kai ba tukuna. Matan gida suka yi cirko-cirko, ba mai dariya. Aka kamo hannunta aka kawo ta. Ta ce a sake ta. Ta matsa har ta kusa taɓa shi, ta ja da baya taki biyu, ta ɗaga kai, ta karkata.

Ta daɗe a haka. Ni dai ina jiran in ji ta ce hayaƙi.

"Kai," ta ce can, ba da kowa take ba. "Ashe yaro na."

Ta nuna haɓarsa da yatsa.

"Ku dubi gemunai, ko hurhura guda babu. Ni ina nan ina ta tsuhwa, ina cewa tare muka yi. Ashe nan na baro shi."

Ta sa hannu ta jawo mayafinta da ya zame, ta gyara shi a kanta da kyau, ta rufe furfurar da ta leƙo ta gefen kunne. Sannan ta ce a kawo mata kujera, nan za ta zauna.